Hamadar da Babu Kowa: Sake Karanta Shaihu Umar Daga Zuru

Duk wanda ya yi Hausa a sakandare, in ka ce masa Shaihu Umar, abu biyu za su faɗo masa a rai: uwar da ta bi sawun ɗanta har ƙarshen duniya, da guguwar rairayin da ta binne ayari. Mu ma da su muka tashi. Shekara da shekaru, da an ambaci Sahara, hoton da ke cikin wannan ɗan littafi na Abubakar Tafawa Ɓalewa shi ke fara zuwa mana kafin na taswira. Kwanakin baya muka sake ɗaukarsa a nan Zuru, babu jarrabawa a gabanmu, babu malami a kanmu, muka karance shi a zama ɗaya. Abin da ya fara ba mu mamaki shi ne ƙanƙantar hamadar da ke ciki. A tunaninmu ta cinye rabin littafin, a takarda kuwa 'yan shafuka ne. Abu na biyu ya fi wannan tsaya mana a rai: an ƙetare hamadar nan fiye da sau ɗaya, amma ba a zauna da masu ita ba ko da na yini guda.

Ga wanda ya daɗe bai leƙa littafin ba, bari mu tuna masa. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ya sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Daga gasar aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da wannan na Ɓalewa, wanda aka buga a 1934. Marubucin a lokacin saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, sabon malamin makaranta a Bauci, bai daɗe da fitowa daga Kwalejin Katsina ba. Cikin labarin, wani shaihin malami ne a Rauta yake ba almajiransa tarihin rayuwarsa. An haife shi a Kagara, uba ya rasu, uwa ta auri wani bafade mai suna Makau. Hassadar 'yan'uwansa fadawa ta sa aka kori Makau daga gari. Cikin wannan watsewar gida aka sace yaro Umar, ya bi hannu-hannu har Kano, ya faɗa hannun wani Balarabe, Abdulkarim, wanda ya ƙetare hamada da shi ya riƙe shi tamkar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu har ya zama malami. Uwar ta fita nemansa, ita ma aka bautar da ita, aka ƙetare da ita. Sun sadu a can arewacin hamada tana gab da cikawa. A hanyar komowa ƙasar Hausa guguwa ta halaka ayarin, Umar ya tsira.

Ba mu zo rage wa littafin daraja ba, don ba ta raguwa. Cikin 'yan'uwansa na gasar, shi ne wanda ya ƙi bin hanyar ban dariya da aljanu da cika baki, ya tsaya a kan ƙasa, a kan abin da ya faru ga mutane irin kakannin masu karatunsa. Muryar Shaihun a kwance take, ba ya ɗaga ta ko a wurin da wani marubucin zai cika shafi da kuka. Wannan kamun kai shi ke sa labarin uwar ya fi ciwo. Mace ce 'yantacciya da ta bar ɗakinta da ƙafarta, ta amince da wanda ya ce zai kai ta wurin ɗanta, ta wayi gari ita ce hajar. Babu wanda ya tsaya ya yi mana wa'azi cewa bauta mugun abu ce, an dai bar mu mu ga yadda mutum ke komawa kaya cikin 'yan jimloli. Masu nazari sun daɗe suna gardama kan ko Ɓalewa ya soki bauta ko kuwa ya lallaɓa ta, tunda ga ubangida nagari kamar Abdulkarim, ga kuma bawa da bautar ta zame masa sanadin ilimi. Mu dai a ganinmu gawar uwar ta isa amsa. Babu yawan karatun da Umar zai yi da zai biya ta.

To amma mai karatu daga Zuru yana da wurin da yake tuntuɓe tun ba a je ko'ina ba, kuma daga nan ne maganar hamadar ta samo asali a wurinmu.

Fitinar da ta kori Makau daga Kagara a kan bayi ta tashi. Sarki ya tura hari ƙasar Gwari, aka kamo mutane, aka komo, fadawa suka ce Makau ya ɓoye wasu daga cikin waɗanda ya kamo. Littafin yana so mu tausaya wa Makau, mutumin kirki mai gaskiya da aka yi wa sharri, kuma mun tausaya masa. Sai dai waɗanda aka ɗauke daga gonakinsu da safiyar nan fa? An ƙidaya su, an yi musu a kan adadinsu, shi ke nan. Ba su da suna, ba su da uwar da za ta bi sawunsu. Mu kuwa da muka tashi a ƙasar Zuru mun san ko su wane ne waɗannan mutane, don ta wannan gefen labarin kakanninmu suka tsaya. Lelna, waɗanda Bahaushe ke kira Dakarkari, da Fakkawa da Dukkawa da Kambari, ba don sha'awar hawa suka kafa garuruwa a kan duwatsu da cikin surƙuƙi ba. Dawakin Kwantagora ne, na Umaru Nagwamatse da na ɗansa Ibrahim, har zuwa 1901 da Turawa suka ci garin. Yaron Zuru da ke karanta wannan babi a aji, da Hausar da ta zame masa harshen kasuwa da makaranta, ana koya masa ya shiga rigar Makau alhali kakarsa tana cikin waɗanda aka ɗaure. Wanda ya taɓa ganin kansa a matsayin adadi a littafin wani, idonsa kan buɗe ga sauran waɗanda aka yi wa haka. Da wannan idon muka shiga hamadar Shaihu Umar, muka tarar an yi wa mutanenta abin da aka yi wa Gwarawa, har ma da ƙari, don su ko ƙidaya su ba a yi ba.

Dubi yadda tafiyar take a littafin. Ana shiri a Kano, a ɗaura kaya, a tashi, a sha wuya, a isa. Hamada fili ce tsakanin gari da gari, wurin da Allah ke jarraba bayinsa da ƙishirwa da iska. Larabawa fatake suna da suna da hali da gida da mata. Amma duk tsawon hanyar ba mu ci karo da Buzu ko Batube guda da aka ba shi suna da baki ya yi magana ba. Ba mu shiga tanti ba, ba mu ga wanda ya haƙa rijiyar da aka sha ba.

Alhali babu Balaraben Gadamas ko na Tarabulus da ya isa ya fita Kano ya nufi arewa da ƙarfin kansa. Hanyar ta bi ta Damagaram, ta Damargu, ta shiga duwatsun Azbin, ta wuce Gat, daga nan ko a yi Gadamas ko a karkata Murzuk, tafiyar watanni. Raƙuman haya ne, akasari na Abzinawan Kel Ewe, kuma su ke rakiya, su ke karɓar kuɗin wucewa, su suka san ƙabilar da ake zaman lafiya da ita bana da wadda za a kauce wa. Ta gabas kuma, hanyar Kukawa zuwa Murzuk ta ratsa Kawar da Balma, ƙasar Tubawa da Barebari, inda Turawan da suka bi ta a 1822 da 1823, su Denham da Clapperton, suka ba da labarin ƙasusuwan bayi zube a bakin rijiyoyi. Ko wannan kaɗai ya isa babi: rijiyar da ke ceton ubangida ita ce maƙabartar bawa, don wanda ya iso ta da sauran numfashi ne kawai ke sha.

Kuma mutanen nan ba baƙinmu ba ne, balle a ce nisa ya ɓoye su. Kowace shekara bayan kaka, ayarin gishiri kan tashi daga Azbin ya ratsa Tenere, fiye da kilomita 500 na rairayi, ya yada zango a Faci, ya isa Balma. Tsakani babu kiwo, saboda haka raƙumi kan ɗauki ciyawar da zai ci, a riƙa ajiye wani kaso a hanya don komowa. Ana tafiya tun safe har cikin dare ba a tsayawa, ana dama gari da cuku da dabino a sha a bisa tafiya. Abin da suke kaiwa Balma gero ne, geron ƙasar Hausa. Abin da suke ɗaukowa kantun gishiri ne da dabino, su gangaro da su kudu, su yi rani a gonakin Damargu da Katsina da Kano, raƙuma na cin kara suna bar wa manomi taki. Jagoran wannan ayari, su kansu Abzinawa madugu suke ce masa, kalmar da ke bakin kowane Bahaushe. Baƙin rawanin da namijinsu ke rufe fuska da shi, mai ƙyallin nan da ke rina fata, turkuɗi ne daga marinar Kura ta ƙasar Kano. A Agadas, Hausa ce harshen kasuwa. Wato a zamanin da labarin Umar ya faru, Bakano na iya shan gishirin Balma a miyarsa da dare, ya wayi gari ya sayar wa wanda ya kawo gishirin da rawani. Irin wannan kusanci ne littafin ya tsallake.

Abin da ya fi ba mu takaici a matsayinmu na masu karatu shi ne asarar da labarin kansa ya yi. Jigonsa uwa ce da ɗa, da gida da rashinsa. A wurin Abzinawa tanti na mace ne. Da shi take zuwa aure, in auren ya mutu ta naɗe abinta, namiji ne ke rasa wurin kwana. Namiji ke rufe fuska, mace ta bar tata a buɗe, kuma mata ne suka fi riƙe rubutunsu na Tifinag. A ce uwar Umar, wadda aka raba da ɗakinta aka mai da ita kaya, ta kwana ɗaya a zangon da mace ke da ɗaki ba mai fitar da ita, me za ta gani, me za ta ce? Kada kuma a ɗauka aljanna muke zanawa. Al'ummar nan tana da bayinta, kuma kalmar Buzu da muke yaɓa wa kowa da kowa a cikinsu asalinta sunan bayin ne da 'ya'yansu, waɗanda aka kamo daga kudu. Mai yiwuwa wadda za ta miƙo wa uwar Umar ruwa a wannan zango ita ma da Hausa ko Gwaranci aka yi mata rawar goyo. Ga wuri mai nauyi irin wannan, ayarin Ɓalewa ya wuce shi da dare.

Adalci dai shi ne a faɗi uzurinsa. Yaro ne ɗan shekara ashirin da ɗaya ko da biyu, a Bauci, yana rubuta ƙasar da labarinta kawai ya ji. East kuma gajerun littattafai yake nema waɗanda za a karanta a makaranta. Ban da haka, mai ba da labarin shaihi ne da ke magana da almajirai, wanda a wurinsa duniya duka zango ce, ba abin tsayawa kallo ba. Mutum irin wannan ba zai ɓata lokaci yana siffanta sirdin raƙumi ba, kuma Ɓalewa ya riƙe wannan murya da gaskiya har ƙarshe. Mun yarda da duk wannan. Har ma muna ganin guguwar ta yi ƙarfi ne saboda babu kowa a wurin: ayari guda, sama da ƙasa, sai hukuncin Allah. Amma uzurin 1934 ba ya zama uzurin shekara casa'in da suka biyo baya. Mervyn Hiskett ya fassara littafin zuwa Ingilishi a 1967. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mai da shi wasan kwaikwayo. Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976, fim ɗin da aka ɗauka ya ɓace sai da aka gano shi a ma'ajiyar hukumar fina-finai ta ƙasa, aka gyara shi aka nuna a bikin fina-finai na Balin a 2018. Littafin ya yi ta haihuwa, kuma hamadarsa ta zama hamadar adabinmu. Laifin da muke gani na waɗanda suka gāje ta ne ba su ƙara mata ko bukka ɗaya ba.

Akwai wani abin mamaki da ya kamata a ce kowane ɗalibin Hausa ya sani. Shekara kusan tamanin kafin Ɓalewa ya ƙago Umar, an yi yaro Bahaushe na gaske da aka sace, aka bautar, ya ƙetare Sahara a bayan wani ubangida da ake kira Abdulkarim. Sunansa Dorugu, daga Dambanas kusa da Kance a ƙasar Damagaram. Maharan Barno suka kama shi yana yaro, wani Bajamushe mai suna Adolf Overweg ya 'yanta shi. Da Overweg ya mutu a bakin Tafkin Cadi a 1852, Dorugu da abokinsa Abbega suka koma hannun Heinrich Barth, wanda a duk tafiyarsa da sunan Abdulkarim aka san shi. Da shi suka bi ta Sakkwato da Gwandu, nan cikin jiharmu ta yau, suka isa Tambutu a 1853, inda Barth ya yi watanni a ƙarƙashin kariyar Shaihu Ahmad al-Bakka'i, wani lokaci a cikin gari, wani lokaci a zangonsa na tantuna a bayan gari. A 1855 suka tashi daga Kukawa, suka bi ta Balma da Murzuk zuwa Tarabulus, har Landan. A Ingila wani ɗan mishan, J. F. Schön, ya rubuta labarin daga bakin Dorugu da Hausa, aka buga cikin Magana Hausa a 1885. Dorugu ya komo gida, ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, ya rasu a 1912, shekarar da aka haifi Ɓalewa.

Ba muna cewa ɗaya ya kwaikwayi ɗaya ba ne. Abin da ya sa muka jera su shi ne bambancin ido. Umar yana kallon duniya daga buzun malami, Dorugu yana kallonta daga inda bara ke tsayawa, kusa da kaya da tukunya. Wurin da aka fi tunawa a labarinsa shi ne inda ya zauna ya siffanta yadda Turawan Ingila ke cin abinci a tebur, dalla-dalla, kamar mai ba da labarin wata al'ada ta mutanen daji. Wannan shi ne idon da adabin tafiya ke bukata: a ɗauki baƙo a matsayin mai tsari da dalili, a kalle shi har a gane tsarin. Bahaushe ya yi wa Bature wannan kallo tun kafin a kafa Nijeriya. Maƙwabcinsa na arewa, wanda suke cin kasuwa ɗaya, har yau yana jiran nasa.

Kance ɗin nan ta Dorugu ta sake shiga labarin hamada a zamaninmu. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawa 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocin da suka ɗauko su sun lalace. Yara 52 ne, mata 33, maza 7, kuma akasarinsu daga yankin Kance suka fito. Uwaye ne da 'ya'yansu, masu jin Hausa, ƙishirwa ta kashe su a kan hanyar da uwar Umar ta bi ko kusa da ita. Motar Hilux ta maye gurbin raƙumi, amma har yanzu ɗan ƙasar ne ke riƙe da sitiyari, shi ya san inda rijiya take. Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure a 2015, direbobi suka koma bin ɓoyayyun hanyoyi masu nisa da ruwa, aka soke dokar a ƙarshen 2023. Duk wannan yana faruwa da Hausa, a tashar Agadas, a waya, a gidajen da ake tara matafiya. Littattafan da suka taɓo tafiya Libiya, gwargwadon waɗanda suka zo hannunmu, sun fi mai da hankali ga gargaɗi: kada ki je, ga abin da ya sami wance. Gargaɗin yana da amfani. Amma direban nan da kakansa madugu ne, wanda fari ya kashe wa uba dabbobi, yawon buɗe ido ya mutu a hannunsa, aka wayi gari sana'arsa ta zama laifi, a wane littafi aka bar shi ya yi magana?

Wanda ke son ganin yadda hamada take in an rubuto ta daga cikin tanti, ya nemi Ibrahim al-Koni, Ba'abzinen Libiya da aka haifa a 1948, mai rubutu da Larabci. Littafinsa al-Tibr labarin wani saurayi ne, Ukhayyad, da raƙuminsa mai roɗi-roɗi, da yadda yunwa ta sa ya jinginar da raƙumin, da abin da ya sadaukar don ya karɓo shi. A wurin al-Koni hamada cike take maƙil: kowane kwari da sunansa, kowace ciyawa da aikinta, ga zanen mutanen da a jikin duwatsu, ga dokokin kunya da alkawari da suka fi na birni tsanani. Gari ne ma yake zama wurin ɓata. Ga kuma abin dariya mai ɗaci: in an ambaci Kano a littattafansa, sau da yawa garin bokaye ne da masu duba, can wani wuri a kudu da asiri ke fitowa. Ashe mu ma labule ne a wasan wani. Mun ji zafin wannan kaɗan, kuma jin zafin ya yi mana amfani.

A littattafanmu na yanzu, musamman waɗanda ake sakewa babi-babi a WhatsApp da Wattpad, mutanen hamada da na ruga sun samu shiga, amma ta ƙofa biyu kawai. Ko dai kyakkyawar Buzuwa ko Bafulatana, fara mai gashi har gadon baya, wadda ɗan mai kuɗi ya tsinto ya kawo birni aka waye da ita, ko kuma Buzu mai gadi da ke buɗe ƙofa yana gurɓata Hausa don a yi dariya. Ita an ɗauki fatarta an bar tantin uwarta. Shi kuma ba a taɓa tambayar abin da ya kawo shi bakin ƙofar ba, alhali amsar tana nan a tarihi: farin 1973 da 1974, da na 1984, waɗanda suka share garkunan Azbin da Azawak suka tura masu raƙuma ɗari su zama masu gadin gidan wani.

Mun san abin da wani ɗan'uwa a Ribah ko Dirin Daji zai ce in ya karanto nan: ana kashe mu, ku kuna neman a tausaya wa makiyaya a littafi? Tambayar tana da haƙƙi, ba za mu kauce mata ba. A farkon Yuni 2021 'yan bindiga sun kashe mutum 88 a ƙauyukan Danko-Wasagu, adadin da 'yan sanda da kansu suka tabbatar. A watan Fabrairun shekarar an kwashe ɗalibai daga makarantar kimiyya ta Kagara a Jihar Neja, gari mai sunan mahaifar Umar. A Nuwamba 2025 an shiga makarantar 'yan mata ta Maga. Satar yaro daga hannun uwarsa, wadda muka karanta a aji muna ɗauka tarihi ce, ta dawo ƙofar gidanmu a kan babur. Babu wanda ya fi uwayen ƙasar Zuru fahimtar uwar Umar a yau, kuma babu rubutun da zai wanke wanda ya yi wannan aiki.

Sai dai Fulanin dajinmu, ko da yake ba mutanen hamada ba ne, sun faɗa ramin da Abzinawan Shaihu Umar suka faɗa: mutanen da ake wucewa ta gefensu. Shekara nawa muna sayen nono a hannun matansu ranar kasuwa, muna ba su kiwon shanun noma, suna sauka a gonakinmu bayan girbi, amma ɗan gari nawa ne ya taɓa kwana a ruga? Da abin ya ɓaci, sai muka tarar ba mu da labarin da zai taimake mu mu bambance wanda ya ɗauki bindiga da wanda aka kore wa shanu tun kafin a zo kanmu, da wanda ya tsere daga 'yan bindiga ya faɗa hannun 'yan sa-kai saboda kamannin fuskarsa. Duka suna ɗaya muke kiransu da shi, kamar yadda littattafan da suka rene mu suka tara Gwari da Dakarkari da Kambari a kalma ɗaya, arna. Marubucin da zai rubuta abin da ya sami Danko-Wasagu da gaske dole ya san yadda burtali ya toshe, da yadda ake satar garke, da abin da yaro makiyayi ke ci a daji da damina, da wanda ke sayen shanun sata a birni. In bai san waɗannan ba, guguwa kawai zai sake rubutawa, bala'in da ke tasowa daga inda babu kowa ya binne mutanen kirki. A Tenere guguwa gaskiya ce. A dajin Zuru mutane ne, masu suna da uwaye, wasunsu da Hausa ɗaya muke ciniki.

Ɓalewa, wanda mahaifinsa Bagere ne, mahaifiyarsa Bafulatana, ya fi kowa cancantar ya san zaman gefe, kuma mun yi imani saninsa ne ya sa ya ba baiwa zuciyar littafinsa a lokacin da sauran abokan gasarsa ke bin jarumai. Ya buɗe ƙofa ɗaya, siyasa ta ɗauke shi, aka kashe shi a Janairu 1966 bai sake rubuta wani ƙagaggen labari ba. Mu da muka zo baya ba mu da uzurin nisa. Daga Zuru zuwa Sakkwato yini ɗaya ne, daga Sakkwato a shiga Illela, a ƙetara Ƙonni, a bi ta Tawa har Agadas. In damina ta ja baya, wajen watan Satumba, makiyaya Abzinawa da Wodaɓe kan taru a Ingal dabbobi su lashi gishiri. Wanda rashin tsaro ko rashin kuɗi ya hana shi wannan tafiya ma bai rasa hanya ba. A Birnin Kebbi da Sakkwato da Kwantagora akwai dattawa masu naɗe da rawani zaune a bakin ƙofofin gidajen manya, da 'yar butar shayi a kan gawayi, waɗanda wasunsu sun taka Tenere da ƙafa suna samari a bayan raƙuman ubanninsu. Shayin nasu zagaye uku ne, na farko da ɗaci, kuma ba a tashi sai an sha na ukun.